Limamin da Ya Durƙusar da Dodo a Wagga

A duk faɗin garin Wagga babu wanda bai san bakin Merv Tuckey ba. Gyaran injin yankan ciyawa ne sana'arsa, amma in ka zauna da shi na ɗan lokaci za ka ji cewa da ana adalci da shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon gari, kuma likitan da ya yi masa aikin gwiwa sai da ya nemi shawararsa kafin ya sa wuƙa. Mutumin kirki ne, wannan ba a raba shi da shi. Matsalarsa dai guda ce, bai taɓa ganin wani yana aiki ba sai ya hango inda aka yi kuskure.

Duk ranar Lahadi da rana ana zaman wasan labari a garejin Narelle, ƙanwar matarsa. Narelle ce mai jan labarin: ita ce duniyar, ita ce dodannin cikinta, ita ce kuma mai yanke hukunci. Sauran kowa na riƙe da mutum guda a cikin labarin, ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi, sannan ya jefa ɗan ludo mai fuska ashirin. In lamba babba ta fito abu ya yi kyau, in ƙarama ce sai dai haƙuri. Merv ba ya cikin masu wasan. Shi dai yana tsaye bakin ƙofar garejin da kwalbar lemo a hannu, yana gyara wa kowa zama.

Wadda ya fi sa wa ido ita ce Phuong, mai riƙe da limamin tawagar. A cikin labarin, limamin nan bawan wata uwargijiya ce da ake kira Uwar Alfijir, kuma duk wanda aka sare ko aka ƙone a fagen daga, addu'arsa ce ke tayar da shi. Addu'o'in ƙidayayyu ne. A gaban Phuong akwai marafan kwalba guda biyar, duk addu'ar da limaminta ya yi sai ta miƙa wa Narelle marfi ɗaya, in sun ƙare sun ƙare ke nan sai gari ya waye a cikin labarin.

"Kun mayar da limami ma'aikacin jinya," in ji Merv. "Mutum yana da ikon sama a hannunsa, kun bar shi yana bin bayan ƙarti da bandeji. Akwai limami mai kulki, akwai mai wa'azi, akwai wanda in ya ɗaga murya duwatsu ke rawa. Ke kuma kin zaɓi na ɗaure ciwo."

"Shi ya sa har yau babu wanda ya mutu," in ji Phuong, ko kallonsa ba ta yi ba.

To, ana cikin haka aka shirya bikin wasanni a zauren taro na gari, aka kuma roƙi tawagar Narelle su buga babin ƙarshe na labarinsu a kan dandamali, a gaban jama'a, wato karonsu da dodon da ke cikin dutse. Ana saura 'yan kwanaki sai Phuong ta haihu, jaririyar ta zo tun kafin lokacin da aka sa mata. Aka yi murna, aka kai furanni, sannan aka dawo gareji aka yi jugum. Shiga kogon dodo babu limami daidai yake da aika mutanenka makabarta.

Merv ya ajiye kwalbarsa, ya ja kujerar Phuong ya zauna.

"Yaya Merv, tashi," in ji Narelle. "Wannan ba kujerar 'yan kallo ba ce."

"Na ga kuna cikin matsala ne na ce bari in taimaka. Ku gode wa Allah ina gari."

Sione, wani ƙaton mutum mai tuƙa motar kwasar shara wanda a cikin labarin yake riƙe da wani ɗan mitsitsin ɓarawo, ya dubi rufin garejin ya ce, "Shi ke nan, a fara haƙa kaburbura."

Goggo Bev ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tsohuwa ce, ita ke riƙe da Orlek, wani wada mai gemu da gatari. Asali Orlek na mijinta Col ne, shi ya ƙirƙire shi, shi ya fenta ɗan mutum-mutuminsa na dalma har da tabon da ke kan hanci. Da Col ya rasu, ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'iza Bev ta zo ta zauna a kujerarsa ta ɗauki ɗan ludonsa, ba wanda ya hana ta, kuma tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba. Kowa kuma ya san dokar teburin Narelle: wanda ya mutu a labari ya mutu ke nan. Mijin Narelle ma ta taɓa kashe masa mayaƙinsa ranar bikin zagayowar haihuwarsa, sannan ta yanka masa kek.

"Merv," in ji Bev, "ni dai Orlek."

Merv ya dafa ƙirji. "Goggo, ki kwantar da hankalinki. Muddin ina kan kujerar nan ko ƙwarzane ba zai samu ba. Phuong tana jira a ji wa mutum ciwo sannan ta warkar. Ni ba za a ma kai ga faɗan ba. Wa'azi zan yi wa dodon nan ya tuba, in hau bayansa in fito a gaban mutanen Wagga."

"Wa zai yi wa wa'azi?" in ji Sione.

"Dodon."

"Narelle, don Allah a haɗa da kabarin Merv, amma a yi masa ɗan faɗi saboda bakin."

Babu wani mai son kujerar, dole aka ba shi. Nan take ya raɗa wa limaminsa suna Babban Limami Maksimiliyan Mai Haske, ya ce kuma ba a yarda a gajarta ba.

Washegari ya je duba mai jego, da nufin ya ba ta shawara kan shayarwa. Phuong ta tare shi tun bai zauna ba.

"Ka saurare ni, Merv. Marfi biyu na ƙarshe ba naka ba ne. Na Orlek ne. Shi ke shiga gaba, shi ke shan duka. Ka sa su a aljihu ka manta da su."

"Wannan tsohon salo ne."

"Tsohon salo ne ya kawo su har bakin kogon."

"Ke dai ki ji da jaririya," in ji Merv. "Kuma ba haka ake riƙe kanta ba."

Daga nan shiri ya kankama. Ya kwance labulen ɗakin baƙi mai ruwan zinariya ya yi alkyabba. Ya samo kwali ya yi doguwar hula, ya lulluɓe ta da takardar gasa nama mai ƙyalli. Sandar kwashe ganye daga tafkin wanka ta zama sandar girma. Matarsa Glenda ta dawo daga kasuwa ta tarar da taga tsirara, ta leƙa bayan gida, sai ga mijinta a kan teburin shan iska, hannu a sama, yana yi wa kaji wa'azi.

"Ku tuba, ya ku 'ya'yan duhu!"

Maƙwabcinsu ya leƙo ta kan shinge da tiyo a hannu. "Lafiya dai, Merv? Ko gwiwar ce ta hau kai?"

"Atisaye nake yi, mutumina. Ka zo ranar Asabar ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Lokacin kuwa bazara ce, lokacin da wasu tsuntsaye baƙaƙe masu farin baya ke gadin sheƙarsu, su kawo wa duk mai wucewa sura. Ɗaya ta hango hula tana ƙyalli. Ta sauko ta ba shi a ƙeya, ta zaga ta dawo ta ƙara. Babban Limami ya diro daga tebur, alkyabba ta harɗe masa ƙafa, ya shige kicin da rarrafe, kaji na binsa da kallo.

"Ba ta tuba ba?" in ji Glenda.

"Ba da ita nake ba," in ji Merv, yana shafa ƙeya.

Ranar Asabar zauren ya cika. An kafa teburinsu a kan dandamali, an sa wa kowa makirfo a wuyan riga, an kuma ɗora na'urar da ke haska taswirar kogon da 'yan mutum-mutumin a jikin bango. A layin gaba ga Glenda, ga maƙwabci, ga Phuong da jaririya a ƙirji, ta ce ko a keken asibiti ne sai ta zo. Merv ya shigo a ƙarshe da gangan. Hularsa ta bugi saman ƙofa ta karkace, ya gyara ta kamar dama haka aka tsara, ya zauna ya jera marafansa biyar a gabansa.

Narelle ta rage murya ta fara. Tawagar na bakin kogon. Duhu ne ƙirin. A ciki ana jin minsharin 'yan dodanni masu gadi, ɗaruruwansu, duk suna barci.

"Zan lallaɓa in wuce su a hankali," in ji Sione, yana raɗa. "Kowa ya biyo sawuna, kada wanda ya yi tari."

"Babban Limami ba ya shiga wuri kamar ɓarawo," in ji Merv. Ya tura marfi guda gaban Narelle ya miƙe tsaye. "Haske!"

"Merv, a'a!" in ji Phuong daga ƙasa.

Narelle ta karɓi marfin ta jefa a gwangwani. "To. Sandarka ta haskaka kamar fitilun filin ƙwallo. Kogon duka ya yi fes. Duk 'yan dodannin sun buɗe ido, kuma abu na farko da suka gani shi ne ɓarawon Sione a tsakiyarsu, ƙafa ɗaya a sama."

Zauren ya kwashe da dariya. Sione ya kifa kansa a kan tebur.

"Kada ku damu," in ji Merv. "Ai so nake su farka. Wa ke yi wa mai barci wa'azi?" Ya tura marfi na biyu. "Zan saukar musu da abinci daga sama. Gasasshen nama, dankali, har da kek. Sannan in kira su zuwa ga Uwar Alfijir."

"Jefa mu gani."

Ya hura wa ɗan ludon iska, ya girgiza shi kusa da kunne, ya jefa. Sha tara.

Merv ya ɗaga hannu biyu sama. Jama'a suka tafa, har maƙwabci ya yi fito. Narelle ta yi ɗan murmushin nan da duk wanda ya san ta yake tsoro.

"Sun tuba," ta ce. "Dukansu. Sun ci sun ƙoshi, suna ƙaunarka ƙwarai. Yanzu sun jeru a bayanka, kuma sun ƙirƙiro maka waƙar yabo. Suna rerawa da iya ƙarfinsu, suna buga garkuwa da cokali."

"Ka ji ko?" Merv ya ce da Sione. "Waƙa."

"Dodon ma ya ji," in ji Narelle. "Can ƙasan dutsen wani abu ya yi juyi."

Bev ta matsar da ɗan mutum-mutumin Orlek gaba. Haka Col yake yi, in abu ya ɓaci sai ya shiga gaba.

Suka nausa cikin kogon, mawaƙa na biye. A wata kwana Narelle ta sa kowa ya jefa don kauce wa tarko. Sione ya tsallake. Orlek ya sha mashi a kafaɗa saboda ya tare wa na bayansa. Maksimiliyan Mai Haske kuwa tuntuɓe ya yi da bakin alkyabbarsa ya buge babban yatsa.

Merv ya tura marfi na uku. "Warkarwa."

Phuong ta sauke ajiyar zuciya. "Yauwa. Ashe dai kana da hankali."

"A yatsan."

"Yatsan wa?" in ji Bev.

"Nawa mana, Goggo. Ta yaya zan tsaya gaban dodo ina ɗingishi? Mabiyana na kallo. Orlek ai ƙarfe ne, mashi ɗaya me zai yi masa?"

"Glenda!" Phuong ta juya. "Ki yi wa mijinki magana!"

"Ni? Tun da aka ɗaura mana aure nake yi masa magana."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "A duba masa farcen ma, Narelle, kada ya karye!" Aka sake fashewa da dariya. Merv ya ɗaga musu sanda, shi a ganinsa yabo ne.

Suka iso wani makeken ɗaki a cikin dutsen. Can ƙarshensa ga dodon a kwance kan tarin zinariya, hayaƙi na fita ta hancinsa. Sione ya fara bayanin dabara: shi zai zaga ta baya, Orlek ya shige ƙarƙashin cikin dodon inda fatar ba ta da kauri, limami kuma ya laɓe bayan ginshiƙi da marafansa biyu, ya yi shiru.

"Shiru?" in ji Merv. Kalmar ta yi masa ɗaci a baki. "Daga nan ba zai ji ni ba. Uwar Alfijir, ki ba muryata ƙarfin tsawa!" Marfi na huɗu ya tafi.

Phuong ta miƙe da jaririya a hannu. "Wannan na Orlek ne! Na gaya maka na Orlek ne!"

Merv ya riga ya hau kujera. Ya buɗe baki ya zuba wa'azin da ya gwada a kan kaji, da makirfo a wuyansa, har lasifikar zauren ta yi ƙara jama'a suka toshe kunne. Jaririya ta tsala kuka. Narelle ta jira ya kai aya, sannan ta jefa nata ɗan ludon a bayan allon da take ɓoye takardunta.

"Muryarka ta girgiza kogon," ta ce. "Rufin ya tsage. Duwatsu na zubowa."

"A kan dodon?"

"A kan wanda ke tsakiyar fili yana gudu zuwa wurin dodon."

Duk ido ya koma kan ɗan mutum-mutumin mai gemu. Bev ta ɗauki fensir ta rage lafiyar Orlek a takardarta, ta rage da yawa. Amma wadan bai faɗi ba. Ya fito daga ƙura yana jan ƙafa, ya shige ƙarƙashin dodon, Bev ta jefa sha bakwai, gatari ya shiga. Zauren ya ɗauki sowa, wasu na kiran sunan Orlek.

Wannan sowar ce ta tsaya wa Merv a rai. Shi ya kamata a yi wa ita. Ya dubi marfinsa na ƙarshe, ya dubi jama'a, ya ga har maƙwabcinsa na tafa wa wada.

"Merv," in ji Bev a hankali, "Orlek na bukatar wannan."

"Goggo, yanzu za ki ga aiki. In babu dodo babu ciwo." Ya ɗaga marfin sama yadda kowa zai gani. "Addu'ar umarni. Kalma ɗaya, kuma dole ya bi." Ya nuna bango da sandar tafki, inda hoton dodon yake. "Durƙusa!"

Ya jefa. Ɗan ludon ya gangara, ya bugi kofin shayin Bev, ya tsaya. Ashirin.

Merv ya yi tsalle har hula ta faɗi. "Ashirin! Kun gani? Ashirin! Glenda, ɗauki hoto! Wa ya ce ba a yi wa dodo wa'azi?" Ya zaga teburin da gudu, alkyabba na tashi, ya sumbaci Sione a tsakar ka. Sai da ya dawo kujerarsa ya lura shi kaɗai ke murna.

"Ya bi umarninka," in ji Narelle. "Dodon ya durƙusa, da dukan nauyinsa, nan inda yake tsaye. Yaya Merv, wa ke ƙarƙashinsa?"

Merv ya dubi taswirar. Ya sake duba ta.

"Ai... ai sai ya matsa."

"Bai matsa ba. Orlek na kwance, numfashi sama-sama. In ba a warkar da shi a wannan zagayen ba, ya tafi."

Zauren ya yi tsit. Merv ya shafa gabansa inda marafan suke, babu komai sai tebur. Ya ɗaga takardarsa, ya leƙa cikin hula. Babu ko ɗaya. Sai ya tuna da kwalbar lemon da ya ajiye a gindin kujera. Ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya kama kwalbar, ya murɗa a hankali. Ya manta da makirfon da ke wuyansa, ya kuma manta ya sha yin ƙwallo da kwalbar yana tsalle-tsalle.

Lasifikar zauren duka ta ce, "Tssssss!"

Lemo ya yi feshi ya wanke masa fuska. Ya ɗago yana ɗiga, da marfi a hannu, ya ce, "Kai, ga ɗaya ashe ya faɗi ƙasa."

Abin da ya biyo baya ba a cewa komai. Maƙwabci ya zamo daga kujera yana riƙe ciki. Glenda ta rufe fuska da jakarta. Sione na dukan tebur yana hawaye. Wata mata a baya ta ce, "Limami da satar addu'a!" Merv ya ji kamar dandamalin ya tsage ya shige.

Narelle ta ɗaga hannu aka yi shiru. "Mayar da shi kan kwalbarsa. Abu ɗaya ya rage maka a doka. Limamin da addu'arsa ta ƙare yana iya kiran uwargijiyarsa kai tsaye, amma ita ke faɗin sharaɗi." Ta gyara zama, ta sauya murya ta koma mai sanyi da nauyi. "Maksimiliyan, na ji kiranka. Gaskiya tun ɗazu nake jin ka, duk sama an ji ka. Zan tayar da wadan. Amma rai a bakin rai."

Merv ya share lemo daga gira. "Ranki ya daɗe, akwai mabiyana. Ɗauki ko nawa kike so."

"Sun gudu tun da kek ya ƙare."

"To ga ɓarawo. Ɓarawo ne fa, ranki ya daɗe, an ma huta."

"Kai!" in ji Sione. "Ka ji mugun mutum!"

"Naka nake so," in ji Narelle.

"Ba a yin rabi? In suma, misali? Ko a karɓi yatsan, sabo ne, yanzu aka gyara shi."

Jama'a na dariya, amma ban da Merv. Sau ɗaya tak aka taɓa ba shi kujera a teburin nan, bayan duk tsayuwar da ya sha a bakin ƙofa, kuma ya san in Maksimiliyan ya mutu ba mai sake ba shi wata. Yana son kujerar nan fiye da yadda zai iya faɗa. Ya buɗe baki zai sake tayi, sai ya ji muryar Bev.

"Bar shi, Merv. Wasa ne."

Ya juya. Ta riga ta ninke takardar Orlek biyu. Ta miƙa hannu kan taswirar ta ɗauke ɗan mutum-mutumin, ta goge masa ɗigon lemo da babban yatsa, tana neman aljihun rigar sanyinta. Murmushi take yi don kada ta ɓata wa jama'a biki, amma sau biyu tana kuskure bakin aljihun.

Kunya ta gaske ta kama Merv, ba irin ta lemo ba.

"Goggo, mayar da shi," ya ce. Ya juya wurin Narelle. "Ranki ya daɗe, ɗauki nawa."

"Ka tabbata? Ba a dawowa."

"Na ce ki ɗauka, kafin in sake tunani."

Narelle ta ɗauke ɗan mutum-mutumin limamin ta kwantar da shi. "Haske ya fita daga ƙirjin Maksimiliyan ya shiga na Orlek. Wadan ya buɗe ido."

Zauren ya ɗauki tafi, wannan karon kuma na Merv ne. To, ka san mutumin. Da ya ji tafi sai ya ga ai mutuwa ma dama ce. Ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi zuwa gaban dandamali, ya dawo, ya zube a gwiwa, ya tuna da gwiwar aiki ya sauya zuwa ɗayar, ya fara wasiyya. Ya yafe wa dodon. Ya yafe wa Phuong. Ya bar wa Sione sandarsa. Yana shirin yafe wa majalisar gari sai Narelle ta kashe masa makirfo ta ce, "Goggo, ke ce da jefawa."

Yana kwance a ƙasa rabin jikinsa ƙarƙashin tebur ya ji ɗan ludon ya gangara a samansa. Ya ji Sione ya yi ihu. Ya ji Narelle na cewa gatari ya shiga har ƙota, dodon ya kife. Jama'a suka miƙe tsaye, aka yi ta hawa dandamali ana rungumar Bev, wasu har suna tsallake gawar Babban Limami. Ba wanda ya ce masa ya tashi, shi kuma ya rasa yadda mamaci ke tashi da mutuncinsa, sai ya ci gaba da kwanciya.

Da aka ɗan watse, ya ga takalman Bev sun tsaya kusa da kansa. Ta dafa tebur ta sunkuyo da ƙyar, Orlek na damƙe a hannunta.

"Tashi haka nan, za su share wurin," ta ce. "Da Col na nan, da dariya ta kashe shi tun a wurin yatsa." Ta miƙa masa hannu. "Na gode, Merv."

Merv ya buɗe baki. Yana da amsa, kullum yana da amsa, amma yau bai faɗe ta ba. Ya rufe bakin, ya gyaɗa kai kawai.

"Jama'a ku zo ku gani," in ji Glenda. "Yau ga Merv ya yi shiru."

Shirun bai kai bakin ƙofa ba. A waje, wurin masu gasa naman soseji, aka jiyo shi da labule a kafaɗa yana yi wa mai gashin bayani.

"Ka gane, tun farko shirin ke nan. Dole ka sa dodon ya sauko ƙasa daidai tsawon wada, in ba haka ba ta ina gatari zai kai? Su ba su gano ba sai daga baya."

Mai gashin ya dubi tsohuwar da ke bayan Merv a layi, yana jira ta ƙaryata.

"Ƙwarai kuwa," in ji Bev. "Ni shaida ce. A cika masa albasa."